Saƙon Da Ya Zo A Zagaye Na Shida

Stuttgart, 6 ga Maris, 1994

Baffa Quirino,

Ina gaishe ka, ina gai da Yaya Primetta da maigidanta. Ina fata gwiwar nan taka ta fara ƙyale ka. Ni lafiyata ƙalau, in ban da hannuwana da ruwan wanke-wanke ya cinye. Har yanzu ina kicin ɗin mutumin Napoli, har yanzu tukwane nake kankarewa, har yanzu Jamusawa na cin taliyar da ko kyanwar gidanmu ba za ta shinshina ba, suna lashe baki.

Wasiƙarka ta zo ranar Talata. Sau uku na karanta ta kafin na gane, don rubutunka ya fara hawa kan juna kamar ƙaguwa a kwando. Ga abin da na tsinta. Ƙungiyarmu ta besbol, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, Tre Pini, za ta cika shekara arba'in. Kai da ka shekara talatin a kujerar bakin wayar shingen fili kana rubuta kowace jifa da kowane bugu, an ɗora maka haɗa ɗan littafi. Kowane tsohon ɗan wasa zai rubuto gwaninsa da kakar wasan da ba ya mantawa. Ka ce goma sha ɗaya sun amsa, tara sun zaɓi yayana Nazzareno da jifarsa ta 1990. Madalla da su. Su ba ubansu ne ya mutu ran babban wasan ba, 'ya'yansa suna fili suna tsalle.

Ni rubuta min Gaspare mai gidan burodi, 1983.

Ka tuna shi. Shekararsa talatin da tara, ido ya mutu, ba ya ganin ƙwallo sai ta wuce, kuma ya rantse ba zai sa tabarau ba don kada a ce ya tsufa. Sai ya tuna doka ta ce duk wanda ƙwallon mai jifa ta bugi jikinsa, kyauta zai tafi tasha ta farko. Shi ke nan ya samu sana'a. Ya riƙa riƙe sandar don ado kawai, ya turo tumbin nan gaba, garin burodi bai ma gama kakkaɓuwa daga kunnensa ba. Sau goma sha tara aka buge shi a kaka ɗaya. Duba littafinka, ba na ƙari.

Na tuna wani dogon mai jifa daga Anzio ya ce masa, "Tsoho, ja da baya, kashe ka zan yi."

Gaspare ya ce, "Jefa, ɗana. Tanda ta fi ka zafi, kuma kullum da ita nake wuni."

Matarsa kuwa tana bakin waya da kwandon cefane tana cewa, "Gaspare, ka bar min wuri ɗaya mai lafiya a jikin nan mana." Shi kuma yana ɗingishi zuwa tasha yana cewa, "Tafi gida, baiwar Allah, aiki nake." A watan Agusta in ya cire riga jikinsa kamar ruɓaɓɓen gauta, amma ba wanda ya kai shi isa tasha a shekarar, har da samarin da ke iya gani.

Wannan ne gwanina. Mutum ne da ya san abin da ke tahowa, ya tsaya ya karɓa da jikinsa, bai turo kowa gaba ba.

Ka tambaya ko ina nan da karatun nan nawa. Ina nan. Akwai wata tsohuwa a kasuwar Asabar mai sayar da tsofaffin littattafanmu na Italiya, waɗanda ma'aikata suka mutu suka bari. Duk abin da ta ba ni karantawa nake, har littafin kiwon zuma. Malamin da ya ce wa Baba kaina dutse ne, a cire ni a kai ni ɗaukar akwatunan kifi, in yana raye ka gaishe shi.

Kada ka sake tambayata 1990.

Ɗanka,
Tarcisio

Nettuno, 20 ga Maris, 1994

Ɗana Tarcisio,

Mun samu gaisuwarka, kowa na amsawa. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, in za a yi ruwa ita ke fara sanar da ni. Ka riƙa shafa man zaitun a hannun kafin ka kwanta.

Na kai wa Gaspare abin da ka rubuta, na karanta masa a gaban masu sayen burodi. Ya yi dariya har ya zauna kan buhu. Ya ce in faɗa maka sau ashirin ne, ɗaya alƙalin wasa ne ya danne. Zan sa shi a littafin yadda ka rubuta.

Ga labarin gida, in ba ka ji ba. Matar yayanka ta haifi mace. Za a yi baftisma ran 19 ga Yuni. Ni a bakin Primetta na ji, ita kuma a kasuwa. Ka san tun kakanninmu babban gida shi ke riƙe ɗan fari a coci, kuma tun rasuwar mahaifinku ni ne babban. Ba a aiko min ba, ban kuma sa rai ba. Shekaranjiya na haɗu da Nazzareno a bakin tashar jiragen ruwa, ya tsallaka titi. Shekara huɗu ke nan yana tsallakawa. Ni na koya masa riƙe ƙwallo yana ɗan shekara shida, yanzu ko inuwata ba ya takawa. Ba ƙorafi nake ba, labari nake ba ka.

Ka ce kada in tambaye ka, amma dole in tambaya. Littafin ba zai yiwu ba sai da wasan nan. A shekara arba'in sau ɗaya tak mai jifanmu ya gama zagaye tara ba wanda ya samu bugu a kansa. Yayanka ba zai rubuta ba, ya ma daina bi ta titin filin. Kai ka tsuguna a gabansa ka cafe kowace ƙwallo. Lokaci ya yi da za a rubuta abin da ya faru ran nan yadda ya faru, kuma kai ka fi kowa sani. In ka ƙi, sai in rubuta da kaina, ni kuwa ban iya ƙawata zance ba.

Baffanka,
Quirino

Stuttgart, 27 ga Maris, 1994

Baffa,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau. Na gama da wannan.

Barazana kake min? "In ka ƙi, sai in rubuta da kaina." Na karanta layin nan a tsaye a bakin ƙofa, na sake karanta shi a cikin bas, na kuma karanta a bayan kicin har mai gida ya leƙo yana tambaya ko wani ne ya mutu. To rubuta. Buga shi ɗari biyar, a raba a ƙofar coci ran baftisma, kowa ya sani. Shekara huɗu ka yi shiru, ashe jira kake a haifi jaririyar da za ka riƙe, sannan ka zaro ni.

Ka jero min yadda Nazzareno yake tsallaka titi, ka ce ba ƙorafi ba ne. To mene ne? Kowace kalma ka auna ta kafin ka sa, na san ka. Mutumin da ya shekara talatin yana yanke hukunci da fensir ba ya rubuta abu a banza.

Ni na ce ka ɗauka? Ni na roƙe ka? A tsakar gidanmu, gawar Baba na ɗaki, kai ka buɗe baki ka ce kai aka ba saƙon, kai ka riƙe. Bakina a buɗe yake, ka riga ni. Da ka bar ni minti ɗaya da na faɗa, da ya fasa min baki a wurin, da yanzu an wuce. Ka zo ka yi waliyyi da abin da ba naka ba, ka bar ni ba ni da ko laifin kaina. Kana tsammani don Jamus ta yi min kyau na taho? Garin da rana ke fitowa kamar an tilasta ta? Na taho don ba na iya haɗa ido da kai a titi, kai kuma kullum kana min murmushi.

Kada ka ƙara aiko min da maganar man zaitun.

Tarcisio

Stuttgart, 15 ga Mayu, 1994

Baffa Quirino,

Ina gaishe ka da kyau. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mako bakwai ke nan. Kullum in na sauko sai na duba akwatin wasiƙu, ba komai sai takardun talla. Sau biyu na shiga rumfar tarho na ɗaga na ajiye. Abin da na rubuto maka ba a rubuta wa kare, balle kai. In fushi kake, ka yi, da gaskiyarka. In ciwo ne, ka sa wani ya rubuto min layi ɗaya.

Ka ce in rubuta yadda ya faru. Ga shi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko kai ban faɗa maka dalla-dalla ba.

Lahadi ce, 16 ga Satumba, wasa ya fara ƙarfe uku. Nazzareno ya ci wasa goma sha uku a kakar, ya faɗi ɗaya. Ran nan hannunsa ba na mutane ba ne. Duk inda na ajiye safar hannuna nan ƙwallo ke shiga, ban ko motsa ba. Kafin zagaye na huɗu tafina ya kumbura. A na biyar benci ya yi tsit, kowa ya lura ba wanda ya samu bugu.

Ina so in san wane mahaukaci ne ya fara ƙirƙiro al'adar nan. Wai in mai jifa yana kan irin wannan wasa, ba a yi masa magana, ba a zama kusa da shi, ba a ambaci abin da ke faruwa, kada a karya masa sa'a. Sojojin Amurka na lokacin yaƙi suka bar mana ita tare da sandunansu, mu kuma muka riƙe ta fiye da yadda muke riƙe azumi. Manyan mutane masu gemu, masunta da makanikai, suna zaune suna kallon takalmansu kamar a gidan makoki. Nazzareno yana can ƙarshen benci da tawul a kafaɗa, tsakaninsa da mutane wurin zaman mutum uku.

A tsakiyar zagaye na shida na fito ina kwance sulken ƙafata, sai na ji ana kiran sunana ƙasa-ƙasa. Venanzia ce, maƙwabciyarmu, a bakin waya ta bayan benci, da keken mijinta, da silifas ɗin ɗaki, rigar girki ma ba ta cire ba.

Ta ce, "Tarcisio, babanku ya faɗi a tsakar gida yana gyaran taru. Mun kwantar da shi, an tafi kiran likita. Yana kiran ku."

Na ce, "Yana magana?"

Ta ce, "Yana yi. Sunanku yake kira."

Na ce, "To, ga mu nan."

Na juya na dubi yayana. Na yi taku biyu. Ba wanda ya tare ni, Baffa, ba wanda ya ma san abin da ke bakina. Na ce wa kaina mutumin da ke magana ba mutuwa zai yi ba. Na ce saura mutum tara, rabin awa ne. Na ce Baba da kansa zai zage ni in na karya wasan. Duk waɗannan na faɗa wa kaina, kuma duk akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Wanda babu a littattafan da nake karantawa, wanda na jima ina kewaya shi, shi ne ni ma ina so wasan ya kai ƙarshe. In mai jifa ya yi irin wannan wasa, ana rubuta sunan wanda ya cafe masa a ƙasan nasa. Shekarata ashirin, ban taɓa yin abin da aka rubuta ba. Na koma na ɗaure sulkena.

A zagaye na takwas ya fara gajiya, ƙwallo biyu suka tashi sama. Na nemi izinin alƙali na taka har tudun jifa. A nan doka ta ba ni dama, al'ada ma ta ba ni, mai cafa yana iya faɗar kalma ɗaya ta aiki. Muka tsaya fuska da fuska, ina jin numfashinsa. Ka san me na ce? Na ce, "Sauke kafaɗarka." Ya gyaɗa kai. Na koma.

Minti hamsin da biyu daga zuwan Venanzia zuwa ƙwallon ƙarshe. Na ƙirga daga baya, na sha ƙirgawa. Da aka gama suka ɗaga shi sama, na bari har suka zagaya da shi suka sauke, sannan na faɗa masa kamar yanzu na ji.

Sauran ka sani. Mama a zaune a dokin ƙofa, ta ce ya cika minti ashirin da suka wuce. Nazzareno da kayan wasa a jikinsa ya juya kan Venanzia yana tambayar me ya hana ta zuwa da wuri, ta ce ai tun ƙarfe huɗu da rabi ta je ta faɗa. Ya tambaye ta wa ta faɗa wa. Ka ce kai ne. Ka dube ta, ta yi shiru, kuma har ta koma wurin 'yarta a Latina ba ta ƙara cewa komai ba.

Na ce da ka bar ni da na faɗa. Ƙarya ce. Bakina a rufe yake gam, kuma da ka yi maganar wani sanyi na ji har ƙafata. Ka sa wannan a littafin in kana so.

Ɗanka,
Tarcisio

Nettuno, 24 ga Mayu, 1994

Tarcisio,

Primetta ce. Muna lafiya. An yi wa Baba aikin yanar ido tun farkon Afrilu, ɗaya bayan ɗaya, na biyun ya ba da wahala. Ba ya karatu, ba ya rubutu. Wasiƙarka ta Maris ya sa a aljihu ya hana ni taɓawa, wai sai ya warke ya karanta da kansa. Da ta biyu ta zo ya kasa haƙuri, ya ce in karanta masa duka. Na karanta a bayyane, a kicin, ina yanka albasa tsakani, ban san abin da ke ciki ba. Yanzu na sani.

Ga abin da ya ce in rubuta, kalma da kalma:

"Ɗana, jifa nake nufi. Wace alamar yatsa ka nuna masa a kan wane mai bugu, me ya sa ka kira jifa mai lanƙwasa sau uku a jere a zagaye na bakwai. Ni lambobi kawai gare ni. Ban taɓa tunanin ɗaya maganar ba, kuma ba za ta shiga littafi ba. Ran nan ban san komai ba sai da na dubi fuskarka a tsakar gida. Kun rasa uba, na ga in aka ƙara minti ɗaya za ku rasa juna. Ni na tsufa, ina da wurin ajiye abu. Kada ka faɗa masa. Jaririya za ta samu mai riƙe ta."

Ya gama. Saura ni.

Shekara huɗu ina jin kunyar ubana. Ina gaishe da mahaifiyarku a coci tana amsawa da hanci, ina cewa da gaskiyarta. Na taɓa ce masa a fuskarsa ya fi son littafin wasansa a kan ɗan'uwansa, ya ce in miƙo masa gishiri. Kai kuma kana can kana kankare tukunya kana karatun kiwon zuma, har kana da bakin yi masa faɗa. Kai da ka iya rubutu haka, mai shafi huɗu, adireshin yayanka ne ka manta?

Baftisma saura kwana ashirin da shida. In Nazzareno bai ji daga gare ka ba kafin nan, zan kai masa wasiƙarka da hannuna. Baba ya hana ni. Amma shi ba ya gani, kuma takardar tana cikin jakata.

Yayarka,
Primetta

Stuttgart, 29 ga Mayu, 1994

Yaya Nazzareno,

Ina gaishe ka, ina gai da Mama da mai jego. Na ji an samu ƙaruwa, Allah ya raya ta. Ni lafiya. Na san ka ga rubutuna a bayan ambulan ka yi mamaki, shekara uku ban aiko maka ko katin Kirsimeti ba. Zauna kafin ka ci gaba.

Ba Baffa Venanzia ta faɗa wa ba. Ni ta faɗa wa. A zagaye na shida, a bayan benci. Ta ce Baba ya faɗi yana kiran mu, na ce ga mu nan, na koma na tsuguna na cafe maka zagaye uku. Da na zo tudu a na takwas na ce ka sauke kafaɗa, maganar tana bakina. Da mun tafi a lokacin da mun same shi da rai, da ya gan mu. Baffa bai san komai ba sai a gida. Ƙarya ya yi don ni, ni kuma na bar shi da ita na hau jirgin ƙasa.

Zan iya ce maka al'ada ce ta riƙe ni, kuma ta riƙe ni. Amma ina son wasan nan ya kai ƙarshe, don kaina nake so, ba don kai ba.

Kada ka ɗauka jarumta ce ta sa na rubuto. Primetta ce ta gano, ta ba ni wa'adi. Da ba ta gano ba, ban san shekara nawa zan ƙara ba. Na yi ta neman yadda zan tsara wannan ya yi kyau, na yaga takarda biyar, sai na ga tsarawar ma wata hanyar gudu ce.

Ba yafiya nake nema ba. Ni ka tsallaka min titi har mu mutu, na cancanta. Amma tsohon nan an yi masa aiki a ido biyu, kuma shi ya kamata ya riƙe 'yarka ran 19. Ka je ka same shi. Ba zai zo da kansa ba, ka san shi.

Ƙaninka,
Tarcisio

Nettuno, 7 ga Yuni, 1994

Tarcisio,

Muna lafiya. Yarinya tana cin nono tana hana mu sakat. Ni ba mai rubutu ba ne, don haka ka karanta a hankali, ba zan maimaita ba.

Na ga Venanzia. Daga ƙarshen benci ana ganin bayan waya, ka manta. Na ga keken, na ga silifas. Matar da ba ta taɓa taka filin wasa ba, ta zo da rigar girki tana maka magana tana nuna hanyar gida. Na ga ka taho taku biyu ka tsaya. Na san wani abu ya faru a gida. Na ja tawul na rufe kaina.

Da ka zo tudu a na takwas, na dubi idonka, na ga abin a ciki. Ina addu'a kada ka faɗa. Da ka ce kafaɗa, godiya na yi a raina. Ba a hana mai jifa tambaya ba, Tarcisio. Kalma biyu ce, "Lafiya dai?" Ban yi ba.

To da Baffa ya ce shi ne, na san ba shi ba ne. Kujerarsa tana can ɗaya gefen, Venanzia ba ta ko je wurin ba. Amma ya miƙo min wanda zan tsana wanda ba kai ba, ba ni ba, na karɓa da hannu biyu. Da na shekara ɗaya ina tsallaka titi sai na fara yarda da abin da kaina. Da kai da ni, ƙarti biyu, muka ɗora wa tsoho kaya muka tafi.

Wasiƙarka ta kwana biyu a aljihuna. Ran Lahadi bayan coci na je. Yana zaune a baranda da baƙin tabarau yana ɓare wake. Na tsaya a ƙofa na ce, "Baffa, barka da rana." Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka yi ƙiba, a takunka na ji. Goge ƙafarka, Primetta ta wanke ƙasa." Na zauna na faɗa masa duk abin da na rubuta maka a nan. Hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Sannan ya tambaya nauyin jaririyar, don ya san ko gwiwarsa za ta ɗauki tsayuwa. Shi zai riƙe ta.

Kada ka ɗauka mun gama, ni da kai. Ina jin haushinka, kuma ban san nawa ne naka nawa ne nawa ba. Ba a takarda za mu raba ba. Ka nemi hutu, in mutumin Napoli ya hana ka, ka bar masa tukwanensa. Ka iso ran Juma'a 17, zan zo tashar jirgin ƙasa.

Mama ba ta sani ba tukuna. Jiya ma ta ce in tsohon nan ya shigo coci ita za ta fita. Ita ce ta zauna kusa da Baba yana kiran sunanmu. Wannan ba Primetta ce za ta faɗa mata ba, ba kuma Baffa ba. Mu biyu ne, a tsaye, a kicin ɗinta.

Yayanka,
Nazzareno